Bango Mai Ruwan Ƙwai

Jirgin ƙarfe tara ya taso daga Napoli,
tun bai kama gaɓar Procida ba na ji kukansa.
Na tsame hannu daga kumfar wanki,
na ce, Restituta, gyara ɗankwali,
baƙinki sun iso.

Ga su nan suna gangaro matakala,
malafa a ka, kafaɗu ja kamar an gasa,
kowa waya a sama, ido a waya.
Wata ta roƙe ni da guntun yarenmu
in bar zanen gado a kan igiya,
wai ya fi kyau a hoto.
Na bar shi. Dama bai bushe ba.

Suna tambaya ina ne Kapri.
Na nuna da haɓa: can inda ruwa ya yi duhu,
inda ake kwantawa a kwale-kwale
a kutsa kogo don a ga shuɗi.
Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa leƙawa ba.
Liborio ɗan ƙanwata ke tuƙa su ciki,
ya ce minti biyar ne, har da waƙa,
wuyansa kuwa ya sankare da sunkuyo.

Iskiya ga ta nan, kamar ka miƙa hannu,
ƙasarta na dafa ruwa ba da itace ba,
masu ciwon gwiwa su shafe jiki da taɓo,
su biya, su kuma gode.
Sorrento na zaune a bakin gangare
tana reto da ƙafa, ko gezau.
Dutsen Vesuvio kam ba na nuna shi da yatsa.
Maƙwabci ne mai barci da garwashi a ciki,
a gaishe shi a wuce.

Amma bangona suke tsayawa ɗauka,
ba wanda ya tambayi dalilin fenti.
Aniello ne ya ce, makon da na tare:
hagu ruwan hoda, dama fari,
namu ya zama ruwan ƙwai,
in na ɗago kai daga jan koma da asuba
in gane ƙofata tun ina tsakiyar ruwa.
Shekara arba'in da uku yana gane ta.
Ba teku ce ta ci shi ba,
kada a ƙara wa labari gishiri.
A kujera ya tafi, bayan abincin rana,
rediyo na ta ihun ƙwallo.

Duk Afrilu sai na hau tsani da gwangwani,
Liborio na riƙe da ƙafar tsanin yana mita.

Bana wani ya zo daga Milano da takarda,
ya taya gidan, zai yanka shi ɗaki shida.
Na yanka masa lemon nan namu
mai farin ciki, kauri kamar burodi,
na barbaɗa gishiri, na ɗiga mai, na tsinka na'a-na'a.
Ya cinye, ya suɗe yatsa.
Na ce jirgin ƙarfe huɗu ba ya jiran kowa.

Nuwamba ta zo ta kwashe kujerun bakin ruwa.
Jirgi ya koma kawo siminti da wasiƙun banki,
kyanwoyi suka karɓe matakala.
Gwiwata ta ce, baɗi ba tsani.
Na ce, to, ya koɗe. Wa ke dubawa?

Jiya da sanyin safe aka ƙwanƙwasa.
Yaron Maddalena ne, wanda ya gaji kwale-kwalen ubansa,
da kifi uku a leda, hanci na zuba.
Ya ce na'urarsa ta mutu a hazo,
bangona ya saita ya shigo tasha.
Ya ce ɓangaren taga ya fara ɓarewa.

Na karɓi kifin.
Na aike shi shagon Pasqualino
ya tambayo nawa gwangwani ya koma.